Tsakuwar Layi Na Uku

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis Ramla ta sauka daga Napep a Ƙofar Sauri. Ko gida ba ta shiga ta gaida mahaifiyarta ba, da jakarta a kafaɗa ta nufi filin da ke bayan masallaci, inda injin haƙar rijiyar burtsatse ya kwana uku yana hana unguwa sakat.

Injin na nan. Bututun roba guda arba'in na nan a jibge. Amma ƙarƙashin bishiyar bedi, inda ta ce a jera mata ƙasa, an share wurin tas, har sawun tsintsiya na nan.

"Malam Babaji! Ina ƙasata?"

Babaji mai injin yana zaune a kan jarka yana shan koko. Ƙato ne mai tumbi, rigarsa ta sha baƙin mai har ba a gane asalin launinta. Bai tashi ba, bai ma ajiye kofin ba.

"A'a, injiniya ce? Sannu da hanya. Ya Kaduna?"

"Lafiya lau. Ina ƙasata?"

"Wai tsibin nan? Alhaji ya ce ƙazanta ce, baƙi za su zo. Jiya da la'asar ya ce duk mai so ya kwasa, saura a cike kwatamin ƙohwar gida da shi."

Ramla ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Abu ɗaya tak ta roƙi mutumin nan a waya, tunda wurin aikinta sun ƙi sakinta sai jiya. Duk sandar ƙarfen haƙa ɗaya da ta nutse, mita uku ke nan, ya ɗebi kwano guda na abin da ramin ya amayo ya tsiba a ƙasa, shida-shida a layi, a faro daga gindin bedi. Mita ɗari da ashirin, tsibi arba'in. Da su za ta karanta cikin ƙasa hawa-hawa, ta san daidai inda ruwa yake kwance. Cikin bututun nan arba'in guda uku ne kawai masu tsaga-tsaga a jiki, ta nan ruwa ke shiga. In aka sa su daura da ruwa, an yi rijiya. In aka kuskure, an yi rami mai tsada.

"To ka rubuta abin da ya fito?"

"Rubutu?" Ya yi dariya har koko ya zubo masa a gemu. "Shekara ashirin da biyu ina huda ƙasar Katsina, ban taɓa riƙe biro ba. Ja ta fito, fara ta fito, tsakuwa ta fito, dutse ya fito. Shi ke nan."

"Tsakuwar a sanda ta nawa?"

"Can dai tsakiya."

"Tsakiya ina?"

"Ke ɗiyar nan, mi ya dame ki? Alhaji ya ce masu tsagar can ƙasa za a kai su, ƙarshen rami. Sha biyu zan fara zura bututu. La'asar ina Batagarawa, wani aikin na jira na."

Ta bar shi da kokonsa ta wuce gidan Alhaji Lado.

Alhaji Lado ƙanen mahaifinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dillalin hatsi ne da ya yi kuɗi a tsakiyar rayuwa, tun daga nan ya daina jin magana in ba daga bakinsa ta fito ba. Lokacin da yayansa Malam Mamman mai rijiya, mahaifin Ramla, yake da rai, in ya zo gidan nan a zaure ake shimfiɗa masa buhu, kada laka ta taɓa kafet. Yanzu da ya shekara biyu a kabari, ya zama abin tunƙaho. Alhaji ya shelanta wa duniya zai haƙa wa ɗan'uwansa rijiyar burtsatse, sadaka mai gudana. Duk unguwa kuwa an san abin da ya tunzura shi: bara Alhaji Sammani na tsallaken titi ya haƙa tasa mita ɗari, ya rubuta a bango da jan fenti.

A falo ta same shi, ya jingina wani farin allon dutse da kujera yana shafa shi kamar jariri. An riga an sassaƙa rubutun: RIJIYAR MARIGAYI MALAM MAMMAN MAI RIJIYA. ZURFI MITA 120.

Ta durƙusa. "Baba, ina kwana. Mun same ku lafiya? Ya su Hajiya?"

"Lahiya lau, Ramlatu. Masu digirin tsakuwa an iso. Kin ga allon? Daga Kano aka yo shi."

"Ya yi kyau, Baba. Amma ƙasar da na ce a ajiye mini..."

"Ke, bari! Liman zai zo, 'yan kasuwa za su zo, su iske tsibi-tsibi kamar kashin jakkai? Ba a gidana ba."

"Baba, ruwan ba ya ƙasa. Garin nan zaune yake a kan abin da tsofaffin koguna suka jibge tun fiye da shekara miliyan ɗari. Sama jar ƙasa ce da marmara, sai yumɓu, sai rairayi, sai tsakuwa. Ruwan yana cikin tsakuwar nan. In an wuce ta, yumɓu ne kuma, sannan uwar dutse wadda ko ɗigo ba ta riƙewa. Tun wajen mita saba'in dutse kawai kuke niƙa."

"Miliyan ɗari!" Ya tafa hannu. "Ke kika ƙirga su? Kogi a Ƙohwar Sauri! Wannan aka tura ki jami'a ki koyo?"

"Ko da ruwan zai gangara ta gefen bututu ya sauka ƙasa, yumɓun nan kumbura yake. Kwana ɗaya ya rungume bututun ya toshe hanya."

"Saurara. Ruwan sama-sama na talakawa ne, shi ne irin wanda ubanki, Allah ya jiƙan shi, ya ƙare rayuwa yana tono da hannu. Ni na ƙasa nike so, wanda guga bai taɓa taɓawa ba. Sammani daga ɗari yake sha. Ni in biya ɗari da ashirin, in sha daga hamsin? Tashi ki shiga ciki ki ci abinci."

Ta dubi allon. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sauka rami da igiya a ƙugu, bai taɓa barin rijiya busasshiya a bayansa ba, shi za a liƙa sunansa a kan famfon da ba ya kawo ruwa, yara na wucewa suna karantawa. Ta miƙe ta fita ba sallama.

Kwatamin ƙofar gida ba shi da amfani, tayar mota ta riga ta dama komai ya zama kunu. Tana tsaye tana kallonsa sai ƙamshin gyaɗa ya bugo ta. Ta waiga. Iya Lami ce a bakin ƙofarta, tsohuwar maƙwabciyarsu, tana juya gyaɗa a kasko cikin rairayi mai zafi. Rairayin fari ne sol. A Ƙofar Sauri ba a samun irinsa.

"Iya, ina kwana. Wannan rairayin fa?"

"Lale da Ramlatu! Yaushe a gari? Ai na ubanki ne, na rijiya. Ba a taɓa ba ni rairayin da ke gasa gyaɗa irin wannan ba, ko ɗaya ba ta ƙuna."

Ramla ta tsuguna ta ɗebi wanda ke cikin buhu ta murza a tafin hannu. Ƙwayoyinsa manya ne, masu kaushi, babu laka a jikinsu. Irin wanda ke kwanciya dab da saman tsakuwa.

"Daga wane tsibi kika kwasa?"

"Wa ya ƙirga? Uku dai na haɗa. Na kuma ɗebo wa matar ɗana farar ƙasa can gaba, ciki gare ta, ta hana mu barci da kwaɗayinta. Akwai wata mai ruwan shunayya ma, na ce wannan sai masu tukwane."

"Iya, don Allah tuna. Layi na nawa?"

"Ke, ni da ban yi boko ba! Abin da na sani, kusa da nawa akwai na tsakuwa, na so in haɗa, waɗancan marasa aikin yi sun riga ni. Suna ta tsince-tsince kamar kaji."

"Su wa?"

Ta nuna da ludayin juya gyaɗa. "Su Yari mana. 'Yan dara."

Agogon wayarta ya nuna sha ɗaya da kwata.

A inuwar katangar masallaci suke, inda suke tun tana firamare. Malam Yari, tsohon tela da idonsa ya gaji da allura, da abokin gabarsa Ado, tsohon masinja mai ritaya. Gurabun dara a tone a ƙasa, shida-shida, layi biyar. Ado na wasa da guntayen kara. Malam Yari kuwa da wasu duwatsu farare masu santsi, mulmulallu kamar ƙwan kurciya.

Ta yi sallama, ta gaishe su har ƙasa. Babu wanda ya ɗago.

"Baba Yari, magana gare ni, ta gaggawa."

"Gaggawa ta jira. Ado, taɓa ka gani."

"Baba, duwatsun nan..."

"Nawa ne. Lado ya ce a kwasa, da shaidu."

"Ba karɓa zan yi ba. Gani kawai."

Ya miƙo mata ɗaya ba tare da ya dube ta ba. Ta juya shi a rana. Babu kaifi ko ɗaya a jikinsa, ruwa mai ƙarfi ne ya gangaro da shi tafiya mai nisa har ya lashe masa gefuna. Sai idonta ya faɗa kan wani a gurbin gefe, mai ruwan ƙasa, dogo kamar ɗan yatsa. Ta ɗauka. Nauyin dutse gare shi, amma ga zanen itace a jikinsa layi-layi.

"Ke! Ajiye mani wannan, da shi nike cin Ado."

"Baba, ka san mene ne? Reshen bishiya ne da kogi ya binne, ya daɗe har ya zama dutse."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sheƙeƙe. "Sai da kika je Zariya kika sani? Ubanki ya sha kawo mani irin shi a aljihu. In ya jefo mani shi a kan dara, na san jibi masu gida za su sha ruwa."

"To daga wane tsibi ka tsince su?"

"Layi na ukku daga bedi. Gurbi na huɗu, na biyar, na shida."

Ya faɗe shi kamar mai faɗin sunansa. Ramla ta tsaya.

"Ka tabbata?"

"Ji mani yarinya! An jera abu shida-shida a gabana kwana ukku, kamar wani zai zo mu buga, ki ce ko na tabbata? Ni da nike tuna wasan da na ci Ado ranar da aka kwanta da azumin bara?"

"Ƙarya kake, ni na ci," in ji Ado. "Amma gurabun haka suke. Ukkun farko na layin rairayi ne, Lami ta kwashe. Na huɗu tsakuwar ƙanana ce, na shida ita ce manya."

"Na farkon layi na huɗu fa?"

"Yumɓu," suka ce tare. Malam Yari ya ɗaga hannun rigarsa, ga tabon toka-toka ya bushe. "Ga shaida nan, har yanzu matata ba ta huce ba."

Ramla ta zana a ƙasa da yatsa. Layi biyu, sha biyu. Gurbi na huɗu a layi na uku tsibi na sha shida ke nan, zuwa na sha takwas. Daga mita arba'in da biyar zuwa hamsin da huɗu. Mita tara cif, bututu uku.

Ƙarar inji ta tashi daga bayan masallaci.

"Baba Yari, ara mini duwatsun nan. Ku ma ku taso, don Allah."

"Muna tsakiyar wasa."

"Sunan Mamman za a liƙa a busasshen rami."

Tsohon ya tattara duwatsunsa a hula, ya laluba sandarsa.

Sun iske bututu mai tsaga na farko yana reto a bakin rami, Babaji na ba da umarni da ihu. An kawo wa Alhaji kujerar roba da lema. Liman na gefensa, da wasu 'yan kasuwa biyu da aka gayyato su ga zurfi, da masu wucewa da suka tsaya kallo.

"Malam Babaji, dakata!"

"Kai, wannan ɗiya! Alhaji, ka yi mata magana."

Ramla ta ɗauki kwanon sha na ma'aikata ta juye duwatsun Malam Yari a ciki. Ta tsinci wani ɓallin baƙin dutse daga bakin rami, na ƙarshen haƙa, ta ajiye a gaban Alhaji. Ta karɓi butar Liman. Ta tsiyaya a kan dutsen, ruwa ya zame ya bi ƙasa. Ta tsiyaya a kwanon, ruwa ya shige tsakanin tsakuwa ya ɓace, sai da ta karkata shi ya zubo.

"Wannan shi ne mita ɗari da ashirin, Baba. Wannan kuma arba'in da biyar zuwa hamsin da huɗu. A zura marasa tsaga ashirin da biyu tukuna, sannan masu tsaga uku, sannan sha biyar a sama."

Alhaji ya dubi 'yan kasuwar ya yi murmushi. "Kun gani ko? Shekara biyar a jami'a, wasan 'yar tsana ta koyo. Wa ma ya ce maki nan tsakuwar take? Ƙasar da aka share?"

"Ni na ce," in ji Malam Yari.

"Kai? Ɗan dara?"

"Ni ɗin. Da kake yawo ba wando, Lado, ni na ɗinka maka na farko."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya mayar da ita tari. Fuskar Alhaji ta ɗaure.

"Rijiyata ce. Babaji, zura!"

"To shi ke nan, Baba," Ramla ta ce, ta ɗaga murya yadda na bakin titi ma zai ji. "Rijiyarka ce, ka sa inda kake so. Alfarma ɗaya nake roƙo a gaban Liman. A kankare sunan mahaifina daga allon nan, a sa naka. Zurfin naka ne, ruwan ƙasan naka ne, sunan ma ya zama naka. Shi bai taɓa barin rami busasshe ba da ransa, ba zai fara a kabari ba."



"Rijiya sittin da ɗaya ya gina a garin nan," Malam Yari ya ce, yana duban sama kamar da gajimare yake magana. "Har gobe ana sha."

Liman ya gyara murya. "Alhaji, in ka tabbata da ruwan ƙasan, ai ba abin damuwa ba ne. Sa sunanka kawai."

Alhaji ya dubi Babaji, yana jiran ya rantse masa cewa akwai ruwa a ƙasa. Babaji, gwanin shekara ashirin da biyu, ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Alhaji ya share gumi da gefen babbar riga. "Sa mata inda take so. Amma kowa ya shaida. In ba ruwa, ita ta jawo wa ubanta, ba ni ba."

Ita da kanta ta tsaya a bakin rami tana ƙirga bututu da ƙarfi, Ado na maimaitawa a bayanta don kada a yi mata wayo. Ashirin da biyu. Uku. Sha biyar. Aka zuba tsakuwar tacewa ta gefe. Aka yi azahar aka dawo, mutane sun ninka. Babaji ya zura tiyon iska ya kunna kwamfuresa, injin hura iska.

Iska ta fito da huci. Sai laka ja, guntu-guntu. Sai iska kuma.

Minti biyar. Minti goma. Ramla ta kafa wa bakin ramin ido. Idan tsohon nan ya kuskure da layi ɗaya, mita goma sha takwas ke nan, bututunta na kallon yumɓu. Alhaji ya fara kaɗa ƙafa, murmushi na dawo masa a hankali.

"Injiniya," Babaji ya ce, "ko in kashe? Mai nike ƙonawa."

"Bar shi."

Ramin ya yi wani tari mai zurfi. Laka ta yi tsalle ta fi tsayin mutum, ta sauko a kan lemar Alhaji. Ta biyu ta fi ta farko ruwa. Ta uku ba ta tsaya ba. Ja, sannan ruwan ƙasa, sannan kalar koko, yana ta washewa yana malala har gindin bedi. Mata suka rangaɗa guɗa daga ƙofofi, Iya Lami ta bar gyaɗarta a wuta ta taho da bokiti.

Kafin ruwan ya gama yin fari Alhaji ya riga ya manna waya a kunne, laka na ɗiga daga hularsa.

"Alhaji Sammani! Kana jin ƙara? Ruwa ne! Ɗari da ashirin, Alhaji, ɗari da ashirin! Na ce masu a yi ƙasa, ba su yarda ba!"

Babaji ma ya samu masu saurare. "Tun ran farko na san a tsakiya yake. Aikinmu ne."

Ramla ba ta ko dube su ba. Malam Yari ya zo ya karɓi kwanon, ya juye duwatsunsa a hula yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mata hannu.

"Saura ɗaya."

Ta buɗe tafinta. Guntun itacen nan ne da ya zama dutse.

"Baba, bar mini wannan."

"In bar maki, da mi zan ci Ado?" Ya karɓe abinsa, ya juya. Ya yi taku uku ya tsaya. "In kin samu sarari ki zo ki koyi dara. Kanki ba laihi."

Ta ɗauraye kwanon sau uku, ta tara shi ya cika. Ruwan da sanyi, da ɗan ƙamshin ƙasa. Ta kurɓa sau ɗaya, ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ratsa taron a hankali don kada ya zube, ta nufi gida wajen mahaifiyarta.